Me ya sa RAM ke mantuwa da an ɗauke wuta amma falash da SSD ba sa mantawa, kuma har zuwa yaushe?

Sagir_Fagge
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayoyi biyu gare ni, kuma a haɗe suke. Ta farko: an ce RAM da falash duk caji suke riƙewa. To me ya sa da an ɗauke wuta abin da ke RAM ya tafi, shi kuwa falash sai ya yi wata shida a aljihu kuma a tarar da kayan ciki lafiya lau? Ta biyu: akwai maganar da ke yawo cewa in aka ajiye SSD, wato faifan kwamfuta da aka yi da falash, shekara guda ba a kunna shi ba, komai zai goge. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? Masana ku taimaka, don mutane da yawa suna zuba hotunan biki da takardun shaida a SSD su kulle a durowa, hankalinsu kwance.

Injiniya_Bala
Wa alaikumus salam Malam Sagir. Caji ne duka, amma ma'ajiyar ta sha bamban.

A DRAM, wato RAM ɗin da ke kwamfutarka da wayarka, kowane bit, wato ɗigon bayani na 0 ko 1, yana zaune ne a kapasita ɗaya mai riƙe caji, da tiransisto ɗaya da ke tsaron ƙofarsa. Kapasitan ƙanƙane ne matuƙa, kuma tiransiston ba ya iya rufe ƙofar gam, don haka cajin yana tsiyayewa ko da wuta ko babu. Tulu ne mai yoyo: muddin akwai mai ƙara ruwa a kai a kai, za ka same shi cike, ya tashi kuwa ya tsiyaye. A ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ma'ajiya, ta nau'in RAM na DDR3 da DDR4, dole a karanta kowane layi a sake cika shi cikin milisakan 64. Ana raba aikin gida 8192, wato umarnin sabuntawa yana fita kusan kowane mikrosakan 7.8. Idan zafin guntun RAM ɗin ya wuce digiri 85, sai a koma milisakan 32, saboda zafi yana ƙara yoyon. DDR5 kuwa da 32 ɗin ya fara. Da wuta ta ɗauke, mai cikawar ya tsaya, shi ke nan. Robert Dennard ne ya ƙirƙiri wannan tsari a IBM a 1966, kuma ƙanƙantar ƙwayar, wato kapasita da tiransiston da ke riƙe bit ɗaya, ita ce ta sa yake da arha da yawa har yau.

A falash babu ƙofar da za ta yi yoyo irin wancan. Ana tura ilektron ne da ƙarfin tsiya, da wuta mai kusan bolt 20 da guntun yake haɗawa a cikinsa, su ratsa siririn bangon oksayid su faɗa wani wuri da aka kewaye da abin da wuta ba ta ratsawa. In sun shiga, ba su da hanyar fita sai an sake kawo irin wannan ƙarfin. Shi ya sa ba ya buƙatar wuta don ya riƙe, kuma shi ya sa rubutu a kansa yake da nawa, yake kuma cin bangon kaɗan kaɗan. Fujio Masuoka ne ya fito da shi a Toshiba, nau'in NOR a 1984, NAND a 1987.

Hauwa_Lantarki
Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma kada wani ya ɗauka yoyo ne kaɗai ke sa ma'ajiya mantuwa. SRAM, wani nau'in RAM, ba shi da kapasita, ba ya buƙatar sabuntawa, amma shi ma yana mantawa. Kowane bit nasa tiransisto 6 ne: huɗu sun haɗu sun zama da'ira biyu da ke tokare juna, in wannan yana sama wancan yana ƙasa, sauran biyun kuma ƙofofi ne. Wutar da ke shigowa ce ke riƙe tokarar. An janye ta, ba abin da ya rage da zai nuna wanne ne sama. Shi ne ma'ajiyar da ke cikin firosesa, L1 da L2 da L3. Ya fi DRAM sauri nesa ba kusa ba, amma ƙwayarsa tana cin fili, shi ya sa ake samunsa da megabait ba gigabait ba.

Abin da ke da amfani a nan shi ne SRAM in yana zaune ba a taɓa shi, wutar da yake sha 'yar mitsitsiya ce. Don haka ɗan batir yana iya riƙe shi shekaru. Ma'ajiyar CMOS ta tsofaffin kwamfutoci, wadda ke riƙe saitin kwamfuta, haka take aiki.

Mai_Gyara_Tudunwada
Haka ne Hajiya. Batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod CR2032 ne, bolt 3, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. Alamar ya mutu: agogo ya koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka cire fulogi, intanet ya ƙi buɗe shafuka saboda kwanan wata bai dace da takardar tsaron shafin ba, wani lokacin kuma saitin mahaɗin faifai na SATA ya sauya Windows ta ƙi tashi. A auna shi da mita, sabo yana ba da 3.2 zuwa 3.3, in ya sauka ƙasa da 2.8 a canza shi kawai. A wurin da babu wuta sosai ya fi saurin ƙarewa, domin in fulogi yana jone kuma akwai wuta, layin 5VSB, wanda ke da wuta ko an kashe kwamfutar, shi ne ke ciyar da agogon, batirin yana hutawa.

Shi kuwa BIOS ɗin kansa, shirin da ke tada kwamfuta, ba a batir yake ba. Yana cikin ɗan guntun falash na NOR mai ƙafa 8, irin su W25Q64 mai megabait 8 ko W25Q128 mai 16. Masu gyara ku kula da abu biyu. Wasu guntayen laftof na bolt 1.8 ne, in ka jona su kai tsaye a CH341A, na'urar karantawa da rubuta guntu, ba tare da adafta ba za ka ƙona su. Sannan baƙin allon CH341A da ya cika kasuwa yana tura bolt 5 a layin bayanai alhali guntun na 3.3 ne. Kafin ka goge komai, karanta guntun sau biyu ka gwada fayilolin biyu, in ba su zo daidai ba to maƙalin bai kama da kyau ba.

Dan_Zinder
Ina son in gyara abu ɗaya a maganar "da an ɗauke wuta ya tafi". Milisakan 64 ɗin nan an sa shi ne saboda ƙwayoyin da suka fi kowanne rauni, a cikin zafi. Mafi yawan ƙwayoyin suna riƙe cajinsu na daƙiƙu a zafin ɗaki. Masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna haka a 2008: suka fesa wa sandar RAM iskar gwangwani a kife har ta yi sanyin kusan digiri 50 ƙasa da sifili, suka cire ta, bayanan suka zauna na mintuna, har suka ciro makullan sirri na hadis, wato faifan ajiyar kwamfuta mai juyawa, daga ciki. Tun daga DDR3 firosesa yana hargitsa bayanai kafin ya zuba su a RAM, abin ya ƙara wuya, amma ba don tsaro aka yi hargitsin ba tun asali. Ga mai aikin yau da kullum dai ba wani amfani da zai samu: ba za ka dawo da rubutun da ba ka adana ba ta wannan hanya, domin da kwamfutar ta tashi za ta rubuta a kansa.

Ummi_K
Tunda an zo nan, a bambance barci da dogon barci, don a nan mutane suke asarar aiki. In ka rufe murfin laftof ya shiga barci irin na S3, komai yana nan a RAM, RAM ɗin ne yake sabunta kansa da ɗan cajin batir. Batir ya ƙare ƙaf, aikin ya tafi, sai dai in Windows ta riga ta farka ta kwashe shi. A dogon barci, S4, ana juye abin da ke RAM zuwa fayil ɗin hiberfil.sys a kan SSD ko hadis, sannan a kashe komai. Ko ka cire batir babu abin da zai ɓace.

Kwamfutar tebur ba ta da batir, don haka barci zalla haɗari ne a inda NEPA ke ɗauke wuta ba sallama. Akwai barci mai haɗi da Windows ke kunnawa a kwamfutar tebur, yana barin kaya a RAM kuma ya ajiye kwafi a faifai. Rubuta powercfg /a ka ga irin barcin da na'urarka take da shi, powercfg /h on kuma yana kunna dogon barcin in a kashe yake. Laftof na zamani da yawa sun bar S3, suna wani barcin da firosesa ba ya mutuwa gaba ɗaya, shi ya sa ake ciro su daga jaka da zafi, batir ya zube.

Sagir_Fagge
Na gode ƙwarai, ta farko ta fita. Saura ta biyu, wadda ta fi damuna. Injiniya ya ce ilektron ba su da hanyar fita. To daga ina maganar shekara guda ta samo asali?

Aminu_Kwalli
Malam Sagir, daga ƙa'idar JEDEC mai lamba JESD218 ta fito, amma an yanke mata kai da ƙafa. Abin da ta ce: SSD na amfanin gida, bayan an rubuta masa duk adadin da kamfani ya yi alkawarin zai ɗauka, dole ya riƙe bayanai shekara 1 ba wuta a zafin digiri 30. Na manyan sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfanoni, kuma wata 3 a digiri 40. Ka lura da sharaɗin: bayan ya cinye ƙarfinsa. Kuma shekarar ita ce mafi ƙarancin abin da za a amince da shi, ba ranar da komai zai goge ba.

Dalilin sharaɗin shi ne abin da Injiniya ya taɓo. Duk gogewa da rubutu suna raunata bangon oksayid, suna bar masa 'yan tabo da ilektron ke bi su sulale. Sabon bango yana riƙewa shekaru, wanda ya sha wuya ba ya kaiwa. To wa ke kai SSD ɗinsa ƙarshe? Na terabait 1 mai nau'in falash na TLC yawanci ana ba shi terabait 600 na rubutu. Mai rubuta gigabait 20 kullum yana yin terabait 7.3 a shekara, zai haura shekara 80 kafin ya cinye. Buɗe manhajar CrystalDiskInfo ko smartctl ka duba kason da aka ci. Wanda yake kan kashi 3 ko 5 cikin ɗari ba shi ake nufi da shekara guda ba.

A 2015 ne labarin ya bazu, lokacin da aka ɗauko wani jadawali daga bayanin JEDEC ɗin, aka kama kusurwarsa mafi muni, inda aka yi rubutu cikin sanyi aka ajiye cikin tsananin zafi, aka ce SSD yana mantuwa cikin mako guda. Shi ma ga wanda ya gama tsufa ne.

Garba_Maradi
Malam Aminu, ban ƙi ta taka ba, amma kada mu kwantar wa mutane da hankali fiye da kima. Wancan jadawalin ya nuna cewa duk ƙarin digiri 5 a wurin ajiya yana raba lokacin kusan biyu: kusan shekara 2 a digiri 25, shekara 1 a 30, wata 6 a 35. Digiri 30 ɗin da suka ɗauka a matsayin ma'auni, a Maraɗi ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu sanyi ne. Waje yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin ya fi haka, cikin mota a rana kuwa ba a magana. Sannan SSD nawa ne a kasuwarmu sababbi? Da yawa an ciro su ne daga laftof na hannu, wasu daga sabobi, kuma mai saye ba ya duba abin da aka ci. Tsohon SSD da ɗakin kwano, sharuɗɗan nan biyu sun haɗu ke nan.

Aminu_Kwalli
Wannan gaskiya ne Malam Garba, na yarda da batun na hannu. A kan sabo ne nake cewa tsoron ya yi yawa. Wanda zai sayi na hannu ya duba abu uku kafin ya biya: kason rayuwar da aka ci, jimillar terabait da aka rubuta, da adadin kurakuran da na'urar ta kasa gyarawa. Na ukun in ba sifili ba ne, a bar shi. Kuma a ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, can ƙasa, ba saman wadirob kusa da rufi ba.

Zainab_Dijital
Akwai abin da ba a ambata ba, kuma shi ya sa "sabo" na yau ba ɗaya yake da "sabo" na da ba. Falash iri iri ne: SLC bit 1 yake ajiyewa a ƙwaya, matakin caji 2 kawai, akwai ko babu. MLC bit 2, mataki 4. TLC bit 3, mataki 8. QLC bit 4, mataki 16. Faɗin wutar da ake rabawa kusan ɗaya ne, don haka a QLC tazarar da ke tsakanin mataki da mataki siririya ce. Ilektron kaɗan suka sulale, mataki na 9 ya koma kama da na 8. Juriyar gogewa ma haka take sauka: SLC dubun dubbai har zuwa 100,000, MLC wajen 3,000 zuwa 10,000, TLC 1,000 zuwa 3,000, QLC ɗaruruwa zuwa 1,000.

Kuma ba dare ɗaya abin yake faruwa ba. Da farko lambobin gyaran kuskure suna rufe ɓarnar. In ta yi yawa, kwantirola, wato guntun da ke tafiyar da SSD, ya sake karantawa yana matsar da ma'aunin wutar har ya dace. A nan ne za ka ga tsofaffin fayiloli suna buɗewa da nawa alhali sababbi suna gudu. Samsung 840 EVO ya yi suna da wannan a 2014, sai da kamfanin ya fitar da gyara sau biyu, na biyun a 2015 yana sake rubuta tsofaffin bayanai lokaci lokaci. Wancan TLC ne na shimfiɗe mai ƙananan ƙwayoyi. Da aka koma gini hawa hawa, wanda Samsung ya fara sayarwa a 2013 da hawa 24, ƙwayoyin sun ƙara girma, abin ya yi sauƙi. Saboda haka nawar karanta tsohon fayil gargaɗi ne, a kwashe kaya tun ana iya karantawa.

Mai_Gyara_Tudunwada
To ai maganin mai sauƙi ne. A riƙa jona shi a kwamfuta sau ɗaya ko biyu a shekara, ya sha wuta na ɗan lokaci, a mayar da shi durowa.

Injiniya_Bala
A'a Malam, a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ƙwayar falash ba batir ba ce, jona wuta ba ya ƙara mata caji. Hanya ɗaya ce ke sabunta ta: a karanta bayanin, a rubuta shi a wani sabon wuri, a goge tsohon. Ana rubutu shafi shafi, yawanci kilobait 16, amma gogewa sai dai tubali guda mai ɗauke da ɗaruruwan shafuka. Kwantirola ne ke yanke shawarar yin hakan, kuma kowane kamfani da nasa tsarin, ba sa bayyanawa.

Abin da ya fi tabbas ga mai ajiya:
Jona shi, ka tilasta a karanta kowane fayil. Kwafe komai zuwa wani faifai, ko lissafa SHA-256, lambar shaida da ke canzawa in fayil ya canza, na duka, ko chkdsk /r. Karatun ne ke sa kwantirola ya ga wuraren da kuskure ya yi yawa ya ɗauke su.
Ka bar shi a jone ba aiki na wasu awanni, ka hana kwamfutar barci, don a lokacin hutu yake aikin share fage.
Duk shekara biyu ko makamancin haka, kwashe komai, ka tabbatar kwafin ya yi, ka goge faifan, ka sake zubawa. Wannan kaɗai ne ke ba kowace ƙwaya sabon caji ba tare da dogaro da hikimar kwantirola ba. Rubutu ɗaya ne cikin dubu, bai ci komai ba.

Hauwa_Lantarki
Injiniya, ina ganin ka ɗan tsananta wa Mai Gyara. SSD masu kyau suna bin tubalan da kansu a ɓoye in suna da wuta, ko ba a nemi fayil ba. Don haka jonawar ba banza ba ce, muddin an ba shi lokaci, ba minti biyar ba. Inda maganarka ta zauna daram shi ne falash na aljihu da katin memori. Kwantirolansu ƙarami ne, guntun da ake sa musu sau da yawa shi ne wanda bai kai darajar SSD ba, kuma ba a sa ran suna wannan sintirin. Su kam sai an sake rubutawa.

Malam_Nura
Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. A ganina, a ƙasar nan abin da ya fi kashe bayanai a SSD ba zaman durowa ba ne, ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ne.

SSD yana da taswira da ke nuna inda kowane yanki na fayil yake a cikin falash, domin wurin yana canzawa kullum. Masu DRAM suna riƙe taswirar a ciki, kusan gigabait 1 ga kowane terabait 1, suna juye ta zuwa falash lokaci lokaci. Marasa DRAM na nau'in SSD da ake kira NVMe suna aron ɗan wuri a RAM ɗin kwamfuta. Ka ga ke nan a cikin abin da ba ya mantuwa akwai abin da ke mantuwa. In wuta ta yanke, dole kwantirola ya sake gina taswirar daga abin da ya samu. Yawanci yana yi. In ya kasa, sai faifan ya ɓace daga BIOS ko ya nuna girman da ba nasa ba, alhali bayanan suna kwance a guntayen. Wata matsalar kuma: a ƙwaya mai bit fiye da ɗaya, in aka katse rubutun bit na biyu, na farkon da aka adana tun tuni yana iya lalacewa. SSD na sabobi suna da jerin kapasitoci a kan allo da ke ba su 'yan milisakan su kammala. Na gida galibi ba su da su.

Game da kariya: akwatin wutar kwamfutar tebur an tsara shi ya riƙe kusan milisakan 16 bayan yankewa, in yana da kyau kuma kapasitocinsa ba su kumbura ba. Ƙaramin UPS yana karɓa cikin milisakan 10 ko ƙasa. Inbata da yawa suna da saiti biyu, na UPS da na kayan gida, kuma na biyun yana iya kai milisakan 20, shi ya sa kwamfuta take mutuwa ta tashi duk da akwai inbata. A mayar da shi saitin UPS. Canji zuwa janareta da hannu kuwa daƙiƙu ne, ba abin da zai tsira sai da UPS a tsakani. A bayanan SMART na NVMe, wato rahoton lafiyar faifai, akwai layin da ke ƙirga sau nawa aka kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, ku duba naku.

Dan_Zinder
Haka abin yake ga zare falash ba sallama. Kwamfuta tana iya cewa ta gama kwafi alhali sauran yana RAM bai sauka ba. Tun daga Windows 10 sigar 1809 an mayar da saitin asali na falash zuwa cirewa da sauri, wato ba a tara rubutu a RAM, amma a Linux da Mac ana tarawa, sai ka fitar da shi ta hanyar da ta dace ko ka rubuta sync. Kuma tsarin jera fayiloli na FAT32 da exFAT ba su da kundin da ke bin sawun canji kamar NTFS, in an katse su ana gyara teburin fayiloli, babban fayil guda yana iya zama tarkace.

Sannan ba duk "falash ya goge kayana" ne yoyon caji ba. Akwai na jabu da aka yi wa kwantirola ƙarya, yana nuna gigabait 128 alhali 8 ne a ciki. Yana karɓar kaya, sunayen fayiloli suna nan, amma duk abin da ya wuce 8 ɗin ya tafi iska ko ya hau kan na baya. A gwada sabon falash da H2testw ko F3 kafin a amince masa, suna cika shi su karanta su faɗi girman gaskiya.

Ummi_K
Don ajiyar durowa ni hadis nake ba da shawara. Shi ba caji yake riƙewa ba, maganaɗisu ne a kan faranti, kowane ɗan yanki ya fuskanci nan ko can, kuma wannan yana zama shekaru masu yawa ba wuta. Zafin ɗakinmu ba ya taɓa shi yadda yake taɓa falash. Kuɗin terabait ɗinsa ma ya fi sauƙi, ka iya sayen biyu.

Rauninsa na inji ne. Farantin yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, kan karatun yana shawagi 'yan nanomita a samansa. Faɗuwa ɗaya yana aiki ta isa. Dogon zama kuma yana iya sa man cikin moto ya daskare, ko danshin damina ya ci mahaɗan allon. A sa shi a ledarsa ta hana tartsatsi tare da ɗan ƙunshin nan mai shan danshi, a kunna shi sau ɗaya a shekara. In wuta ta ɗauke yana aiki, yana amfani da ragowar juyin moton ya samar da wutar da zai janye kan zuwa wurin fakinsa, amma abin da ke ma'ajiyarsa ta DRAM bai sauka ba ya tafi.

Zainab_Dijital
Ƙari a kan na Ummi: in abu ya lalace, hadis ya fi ba da damar ceto. Fayil ɗin da aka goge yana nan a faranti har sai an rubuta wani a kansa. A SSD umarnin TRIM yana gaya wa kwantirola cewa wurin ya zama fanko, daga nan sifili zai riƙa ba ka, kuma ba da jimawa ba ya goge tubalin da gaske. Da yawansu kuma suna rufe bayanai da makullin da ke cikin kwantirola, in ya mutu, ciro guntayen ba ya amfanar komai. Waya ma haka: falash ɗinta, eMMC ko UFS, a rufe yake da makullin da ke ɗaure da firosesa. Amma hadis na waje mai yawo a jaka kullum, SSD ya fi shi tsira. Ya danganta da ko ajiya za a yi ko yawo.

Garba_Maradi
Abin sha'awa shi ne kwamfutocin da ba su da wannan matsala ta RAM. Daga 1953 a na'urar Whirlwind ta MIT har zuwa shekarun 1970, ana amfani da ƙananan zobba na maganaɗisu da aka saƙa da waya, zobe ɗaya bit ɗaya. A kashe wuta a dawo, shirin yana nan. Intel 1103 na 1970, DRAM mai bit 1024, shi ya fara ture su saboda arha.

Har yau ana neman mai saurin RAM da riƙon falash. MRAM yana ajiya da maganaɗisu, Freescale ya fara sayar da mai megabit 4 a 2006. FRAM yana ajiya da juyawar ƙwayar wani kiristal, yana jure rubutu sau tiriliyoyi, ana sa shi a mitocin wuta da na'urorin masana'antu da dole su adana lamba a daidai lokacin da wuta ke yankewa. Duka biyun ƙanana ne kuma da tsada. Intel da Micron sun sanar da wani nau'in mai suna 3D XPoint a 2015, aka sayar da shi da sunan Optane, Intel ya rufe harkar a 2022. A sabobi akwai dabarar da ake kira NVDIMM: DRAM da falash a sanda ɗaya da babban kapasita, wuta na yankewa ya juye abin da ke DRAM cikin falash.

Sagir_Fagge
Allah ya saka da alheri. To ga wanda ya riga ya zuba hotunansa a SSD ko katin memori ya ajiye shekara biyu ko uku, me zai fara yi in ya ɗauko?

Aminu_Kwalli
Kada ya rubuta komai a kai, kada ya yarda in Windows ta ce a gyara ko a yi fomat. Ya kwafe komai zuwa wani faifai tukuna, mafi muhimmanci da farko. In kwafin ya tsaya a wani fayil, ya tsallake shi ya ci gaba. In kurakuran suna da yawa, ya ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya da manhajar ddrescue a Linux, wanda ke kwashe wurare masu sauƙi kafin ya koma kan masu wuya, sannan a yi aikin ceto a kan kwafin. Ina sa ran SSD mai sauran rai zai ba da komai bayan shekara uku. Katin memori mai arha ne ban ba da tabbaci a kansa ba.

Garba_Maradi
Ni dai ko SSD ɗin ba zan ba da tabbaci ba in QLC ne kuma ya yi bazara uku a ɗakin kwano.

Hauwa_Lantarki
Ko wanne ne, buɗe hoto biyu uku a ga sun fito ba gwaji ba ne. Bayan an kwafe, a lissafa SHA-256 na kowane fayil a ajiye jerin tare da kayan: Get-FileHash a PowerShell, ko sha256sum a Linux. A yi kwafi biyu a na'urori iri biyu, misali hadis ɗaya SSD ɗaya, ɗayan a wani gida daban, takardun shaida kuma a ƙara da na intanet tunda ba su da nauyi. Shekara mai zuwa a sake lissafi a gwada da jerin. Fayil ɗin da lambarsa ta canza, a maye gurbinsa daga ɗaya kwafin, faifan da ya ba da kuskuren kuma a daina ajiya a kansa.